Inshorar bututun ruwan gida a Birtaniya: wa take yi wa amfani, wa ke zubar da kuɗinsa?

Duk wanda ya mallaki gida a Ingila ko Wales ba ya daɗewa wasiƙar nan take iso masa. Sau da yawa tambarin kamfanin ruwan yankinsa ne a goshinta. A ciki akwai zanen gida da bututu kwance a ƙarƙashin ƙasa, an shafa wa wani sashe na bututun launi, an rubuta cewa wannan sashen naka ne, ranar da ya fashe kai za ka biya. Daga ƙasa sai tayin inshora a kan 'yan kuɗi kaɗan duk wata. Abin da wasiƙar ta faɗa game da alhakin bututun gaskiya ne. Abin da ba ta tsaya ta bayyana ba shi ne, mai gida da yawa yana da kariya biyu ko uku a kan bututun tun kafin ya biya ko kwabo, kuma bututun da ya fi kusa da fashewa shi ne wanda irin wannan inshora ta fi gazawa a kansa.

Ina iyakar take?

Ruwa yana isowa gida ta sassa uku. Akwai babban bututun da ke bin titi, wanda na kamfanin ruwa ne. Akwai ɗan reshen da ya ɓalle daga babban bututun ya zo bakin iyakar filinka, shi ma na kamfani ne. A daidai wannan iyaka, galibi a gefen titi inda masu tafiya a ƙasa ke bi, za ka ga ɗan murfi na ƙarfe ko na roba. A ƙarƙashinsa makullin ruwa na waje yake, kuma a gidaje da yawa mitar ma nan take zaune. Daga wannan iyakar zuwa makullin ruwa na cikin gida, wanda aka fi samu a ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin, bututun naka ne. Shi ake magana a kai. A wani gidan da ƙofarsa ke bakin titi bai wuce mita biyu ko uku ba. A gidan ƙauye mai doguwar hanyar shiga yana iya kai mita hamsin ko fiye.

Abubuwa biyu ne ke rikita mutane a nan. Na farko, bututunka yana iya ratsawa ta filin maƙwabci kafin ya iso gare ka, kuma alhakinsa na nan a wuyanka duk da ba a ƙasarka yake kwance ba. Na biyu, tsofaffin gidajen da aka jera manne da juna, irin waɗanda suka cika Landan da Birmingham da Manchester, sukan sha daga bututu ɗaya. Sashen da kuke tarayya a kansa, kuɗin gyaransa na kan dukanku. Daga inda reshenka ya rabu ya nufi gidanka kuwa, naka ne kai kaɗai.

Wasu suna cewa ai gwamnati ta miƙa wa kamfanoni bututun gidaje tuntuni. Bututun ƙazanta suke nufi. A ranar 1 ga Oktoba 2011 aka mayar wa kamfanonin ruwa na Ingila da Wales alhakin magudanan ƙazantar da gidaje ke tarayya a kansu da waɗanda suka fita daga iyakar fili. Bututun ruwan sha bai shiga wannan sauyi ba. A Scotland ma tsarin iyakar kusan haka yake tsakanin mai gida da Scottish Water.

Ɗan haya ba ruwansa da wannan inshora. Dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ta ɗora wa mai gida kula da kayan da ke kawo ruwa cikin gida. Haka mai fulat a bene: bututun da ya shigo ginin yawanci yana hannun mai ƙasar ko kamfanin da ke kula da ginin, kuma kuɗin hidimar da ake biya duk shekara ya ƙunshi irin wannan aiki. Idan wasiƙar ta zo wa ɗayan waɗannan biyun, ya duba yarjejeniyarsa kawai, ya ajiye kuɗinsa.

Me ke kashe bututu?

Kafin a yi maganar farashi, sai an san irin bututun da ke ƙarƙashin gidan, domin shi ne rabin amsar. Je ka makullin cikin gida, ka duba bututun da ya fito daga ƙasa ya shiga cikinsa. Idan shuɗiyar roba ce, mai faɗin milimita 25 ko 32, bututun zamani ne, wanda aka koma amfani da shi tun shekarun 1980. Ba ya tsatsa, yana lanƙwasa ya bi motsin ƙasa, kuma akan shimfiɗa shi tsawo guda babu haɗi a tsakiya. Idan ya yi yoyo, yawanci a mahaɗa ne, ko inda aka kwantar da shi a kan tsakuwa mai kaifi, ko inda wani ya sare shi da diga. Idan baƙar roba ce, ta girmi shuɗiyar, ta shekarun 1960 zuwa 1980 ce, kuma ita takan bushe ta tsage idan ta tsufa. Idan ƙarfe ne da maganaɗisu ke kamawa, to baƙin ƙarfe ne da aka shafe da tutiya. Shi daga ciki yake ruɓewa: tsatsa ta toshe shi har ruwa ya rage ƙarfi, sannan ta huda shi. Jan ƙarfe yana daɗewa, amma ƙasa mai tsami ko mai toka tana cin sa, ya yi 'yan ƙananan huji kamar na allura.

Sai dalma. Launinta toka-toka ne marar sheƙi, tana da taushi, idan ka karce ta da kwabo sai ka ga farin ƙarfe yana ƙyalli, kuma a mahaɗa takan yi kumburi. An daina sa bututun dalma a 1970, don haka duk gidan da aka gina kafin nan, ba a kuma sauya masa bututu ba, ana iya samun ta. Matsalar dalma ba yoyo kaɗai ba ce. Tana narkewa cikin ruwan da ya kwana a bututu, kuma illarta ta fi tsanani a kan jarirai da mata masu ciki. Iyakar da doka ta sa tun Disamba 2013 ita ce maikirogiram 10 a kowace lita. Wanda ya ga dalma a gidansa ya kira kamfanin ruwa su auna ruwan, yawancinsu kyauta suke yi.

Bayan irin bututun, sai ƙasar da yake ciki. Ƙa'idojin kayan ruwa na 1999 sun ce a binne shi a zurfin da bai gaza milimita 750 ba, bai kuma wuce 1,350 ba. Ƙaramin adadin don kada ƙanƙara ta kai gare shi ne, babban kuma don a iya tono shi in buƙata ta taso. Tsofaffin bututu da yawa ba su kai wannan zurfin ba, musamman inda aka sassaƙe ƙasar gaban gida don a yi wurin ajiye mota. Sannan ƙasar yumɓu irin ta Landan da kudu maso gabashin Ingila tana motsi: ta kumbura da damshi, ta tsuke da fari. A bazarar 2022, lokacin da zafi ya haura digiri 40 a karon farko a tarihin ƙasar, ƙasa ta tsattsage kuma fashewar bututu ta yawaita. Sanyi ma haka. Lokacin da ƙanƙarar ƙarshen Fabrairu 2018 ta narke farat ɗaya a farkon Maris, Ofwat, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin ruwa na Ingila da Wales, ta ce gidaje da wuraren sana'a sama da 200,000 sun rasa ruwa na fiye da awa huɗu. Jijiyoyin bishiya kuwa ba kasafai suke huda bututun ruwan sha ba, sai dai su ture shi, ko su shanye damshin yumɓun da ke riƙe da shi.

Gane yoyon ba shi da wuya ga mai mita. A rufe duk famfunan gida, a tabbatar injin wanki ba ya aiki, tankin bayan gida kuma ya gama cika. A rubuta lambar mitar har da jajayen lambobin da ke ƙirga lita, a jira awa guda, a sake dubawa. Idan ta motsa, ruwa na fita wani wuri. Sai a rufe makullin cikin gida a maimaita. Idan mitar ta tsaya, matsalar a cikin gida take, kuma sau da yawa tankin bayan gida ne ke tsiyaya. Idan ta ci gaba da juyawa, yoyon na tsakanin mita da gida, wato a bututun da muke magana. Wannan gwajin yana aiki ne idan mitar a bakin iyaka take. Wanda mitarsa ke cikin gida, ko ba shi da ita, sai ya lura da alamu: ciyawa ta yi kore shar a wuri guda, dandamali ya lotsa, damshi a gindin bango, ko ƙarar shuu a bututun kicin da tsakar dare alhali kowa na barci.

Kada a raina ƙaramin yoyo. Lita ɗaya a minti ita ce lita 1,440 a rana, fiye da lita 43,000 a wata. Mutum ɗaya a Ingila yana amfani da kusan lita 140 a rana, wato wannan hujin shi kaɗai yana shan ruwan mutum goma.

Kariyar da ka riga ka mallaka

Ta farko tana wurin kamfanin ruwan kansa. Ofwat na matsa wa kamfanoni su rage ruwan da ke ɓacewa, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke turawa, kuma wani kaso mai kauri na wannan asara daga bututun gidaje yake fita. Saboda haka ba alheri kawai suke yi ba idan sun taimaka. Wasu kan gyara yoyon farko kyauta, wasu su ba da gudummawar kuɗi idan za a sauya bututun gaba ɗaya, wasu su taimaka wajen gano inda yake kawai. Tsarin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, yana kuma sauyawa, kuma kusan dukansu ba sa taɓa bututun da ya shiga ƙarƙashin gini. Tunda mai gida ba ya zaɓar kamfanin ruwansa, abin yi shi ne ya buɗe ƙa'idar yoyo ta kamfanin yankinsa ya karanta abin da ta ce a bana.

A cikin wannan ƙa'idar akwai rangwamen ruwan da ya zube. Mai mita da ya gyara yoyonsa cikin wa'adin da aka ba shi, wanda yawanci 'yan makonni ne, yana iya neman a cire masa kuɗin ruwan da ya tsiyaye, a mayar da lissafinsa kan abin da ya saba sha. Sai an nema ake bayarwa, kuma akan buƙaci rasitin gyara da lambar mita kafin gyara da bayansa. Wannan yana da muhimmanci domin tsoron ƙaton bil na cikin abin da ke sa mutane sayen inshora, alhali inshorar bututu da yawa ba ta biyan kuɗin ruwan da ya zube. Wanda kuma ya yi biris da yoyon, sashe na 75 na dokar ruwa ta 1991 ya ba kamfani ikon aiko masa da sanarwa, in bai gyara ba su shigo su gyara su aiko masa da kuɗin.

Ta biyu ita ce inshorar ginin gida, wadda duk mai bashin sayen gida dole yana da ita domin banki ba ya ba da bashin sai da ita. Yawancin irin wannan inshora ta ƙunshi lalacewar bazata ga bututu da wayoyin ƙarƙashin ƙasa da ke kan alhakin mai gida. Da yawa kuma suna biyan kuɗin neman yoyo da fasa wuri don a kai gare shi da mayar da wurin yadda yake, kuma fam 5,000 iyaka ce da ake yawan gani a wannan sashe. Idan ruwan ya lalata daɓe ko bango, ko ya kwashe ƙasar ƙarƙashin harsashi har gini ya nitse, wannan ma aikin inshorar gini ne, ba na inshorar bututu ba. Babbar asarar da za ta iya durƙusar da iyali ke nan, kuma an riga an tare ta.

Amma akwai giɓi, kuma a cikinsa masu sayar da inshorar bututu suke da hujja. Inshorar gini ba ta biyan tsufa. Idan tsatsa ce ta ci bututu a hankali, za su iya cewa wannan lalacewar yau da gobe ce, ba bazata ba. Wasu kuma sashen neman yoyon nasu yana aiki ne kawai idan ruwan ya ɓata ginin, ba idan yana tsiyaya a lambu ba. Ga kason farko da mai gida ke biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu, wanda a kan ɓarnar ruwa yakan fi na sauran, a kan nitsewar gini kuma fam 1,000 aka saba. Sannan duk neman diyya yana shiga tarihinka, yana iya ɗaga maka farashi a shekarun gaba. Don yoyon fam ɗari biyar, taɓa inshorar gini ba dabara ba ce.

Ta uku ba kowa ke da ita ba: kariyar gaggawa da wasu ke ƙarawa a kan inshorar gida, ko wadda ke zuwa tare da asusun banki mai kuɗin wata, ko kwangilar kula da tukunyar ɗumama gida da ta haɗa da famfo. Sabon gida kuma, a shekara biyun farko maginin ne ke da alhakin gyara kuskuren aikinsa a ƙarƙashin garantin gini irin na NHBC, kamfanin da ke ba da garantin sabbin gidaje. Mutane da yawa suna biyan kariya iri ɗaya sau biyu ba su sani ba, kuma ba a biyan diyya sau biyu a kan huji ɗaya.

Abin da inshorar ke sayarwa, da lissafinsa

Idan aka cire ado, abin da ake saya shi ne lambar waya da za a kira dare ko rana, da ma'aikatan da za su zo su nemo yoyon su tona su gyara, har zuwa wata iyaka ta kuɗi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dattijuwar da ke zaune ita kaɗai, ko wanda bai daɗe da zuwa ƙasar ba, bai san mai gyaran famfo ko ɗaya ba, samun wanda zai zo ba tare da ciniki ba yana da daraja. Sai dai a san farashinsa na gaskiya.

Shekarar farko akan sa fam ɗaya ko biyu a wata, wani lokaci ƙasa da haka. Farashin da ya kamata a yi lissafi da shi shi ne na shekara ta biyu, domin yarjejeniyar kan sabunta kanta, kuɗin kuma ya ninka sau da yawa. Mu ɗauki misali kawai, a ce fam 10 a wata. Fam 120 ke nan a shekara, 1,200 a shekara goma, 2,400 a shekara ashirin. A ce kuma gyaran huji ɗaya a lambu zai ci fam 600. Kafin inshorar ta mayar da kuɗinta sai bututun ya riƙa fashewa duk shekara biyar. Shuɗiyar roba da aka shimfiɗa da kyau ba ta yin haka. Bututun da ke fashewa duk shekara biyar kuwa ba gyara yake buƙata ba, sauyi yake buƙata.

Nan ne raunin abin yake. Yawancin waɗannan inshora faci suke yi. Za a yanke sashen da ya huje, a sa guntun roba da mahaɗa biyu, a rufe. A kan tsohon ƙarfe ko dalma, wannan kamar ɗinke tsohuwar riga ne da sabon zare: wurin ɗinkin ya riƙe, gefensa ya yage. Ƙarfin ruwan da hujin ke saki a da yanzu ya koma kan wuri na gaba mafi rauni. Wasu yarjejeniyoyi sun yarda a sauya bututun idan ma'aikacinsu ya ga gyara ba zai yiwu ba, amma hukuncin nasu ne, ba na mai gida ba. Sauya dalma don lafiya, ko sauya ƙarfen da ya toshe don ruwa ya ƙara ƙarfi, kusan babu mai biyan wannan, domin gyaran inganci ne a wurinsu.

Sauran sharuɗɗan da ke kayar da mutane kaɗan ne amma suna maimaita kansu. Akwai makonnin farko da ba a karɓar neman gyara, kuma duk matsalar da ta riga sayen inshorar ba ta ciki, don haka sayen ta bayan an ga damshi aikin banza ne. Akwai iyakar kuɗi a kan kowane gyara, akwai kason farko a wasu. Bututun tarayya, wasu na gyara shi, wasu kason mai inshorar kawai suke ɗauka, wasu kuma sai an kawo izinin maƙwabci a rubuce kafin su tona filinsa. Reshen da ya tafi garejin baya ko famfon lambu yana iya zama a waje. Gidan da aka bari babu kowa na wata ɗaya ko biyu, gwargwadon abin da aka rubuta, kariyarsa tana iya faɗuwa, kuma wannan ya shafi duk mai doguwar tafiya gida ganin dangi. Sai babban cikinsu, mayar da wuri. Da yawa alƙawarinsu shi ne su cike ramin su daidaita ƙasa, ba su mayar da intalok ko kankare mai ado yadda yake ba. A gidan da aka kashe dubbai a dandamalin gaba, wannan sashen yana iya fin gyaran bututun kansa tsada.

Tambarin kamfanin ruwa a kan wasiƙar ma yana buƙatar bayani. Yawanci ba kamfanin ruwan ne ke ba da inshorar ba. Wani kamfani ne daban da suka ƙulla yarjejeniya da shi, kuma kamfanin ruwa yana samun kamasho. Mafi girma a wannan kasuwa shi ne HomeServe, wanda ya faro a 1993 da haɗin gwiwar South Staffordshire Water. A Fabrairu 2014 FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi da inshora, ta ci shi tarar fam miliyan 30.6 saboda yadda ya sayar da inshora da yadda ya tafiyar da koke-koke a shekarun baya. Wannan tsohon zance ne, ba ya nuna halin yau, amma ya isa ya tuna wa mutum cewa wasiƙar talla ce, ba sanarwar hukuma ba. Babu dokar da ta tilasta wannan inshora, ruwanka kuma ba zai yanke don ka ƙi ta ba. Wannan ya shafi Musulmin da ke auna halaccin abin: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas, ta nuna ta taimakekeniya a madadinta. Uzurin larura da ake kawowa a kan inshorar mota ko ta gini ba ya nan a kan ta bututu.

To wa ta dace da shi?

A ganinmu mutum ɗaya ne: wanda bututunsa tsoho ne, dogo, kamfanin ruwansa ba ya gyara kyauta, inshorar gininsa ta cire tsufa, kuma idan aka ce ya fitar da fam dubu gobe ba shi da inda zai samo. Shi ma ya saye ta a matsayin gada ta shekara ɗaya ko biyu yayin da yake tara kuɗin sauyi, ya kuma tambayi abu uku kafin ya sa hannu: nawa ne farashin shekara ta biyu, a wane hali za su sauya bututun gaba ɗaya, kuma yaya za su bar masa gaban gidansa. Yana da kwana 14 na fasawa bayan saye. Idan an hana shi haƙƙinsa, ya kai kuka ga kamfanin a rubuce, in mako takwas suka wuce ba a warware ba ya wuce Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sasanta koke-koke kan kamfanonin kuɗi da inshora, kyauta.

Mai shuɗiyar roba da gajeren fili ba ya buƙatarta. Ya riƙa ajiye fam goman a asusu, wanda zai yi masa amfani ko rufi ne ya yi yoyo ko tukunyar ɗumama ce ta mutu.

Mai dalma ko ruɓaɓɓen ƙarfe da ke da ɗan hali kuwa, kuɗinsa sun fi amfani a sauyi, kuma aikin bai kai yadda ake tsoro ba. Yanzu ba lallai a tsaga dukan gaban gida ba. Akan haƙa ramuka biyu ko uku, kowanne bai fi faɗin ƙaramin tebur ba, ɗaya a bakin iyaka, ɗaya a gindin bango, a saka wata na'ura mai aiki da iska da ke huda ƙasa daga rami zuwa rami, kimanin mita goma a kowane zango, sannan a ja sabon bututu ta cikin hujin. A gida madaidaici aikin yini ɗaya ne, farashinsa kuma yakan tashi daga wajen fam dubu zuwa 'yan dubbai gwargwadon tsawo da abin da ke saman ƙasar. Na'urar ba ta son dutse ko ɓaraguzan gini, kuma dole a fara gano inda bututun gas da wayar lantarki suke kwance. Inda bututun zai ratsa bango ko harsashi sai an zura shi cikin kwaroro an rufe bakinsa, an kuma naɗe shi da abin hana daskarewa idan ya taso kusa da bangon waje. Idan ƙasar ta taɓa shan fetur ko sinadari, kamar tsohon gareji, roba zalla ba ta yi, domin mai yana ratsa ta ya ɓata ruwan. Akwai bututu na musamman mai shimfiɗar alminiyam a tsakiya don irin wannan wuri.

A sanar da kamfanin ruwa kafin a fara. Idan mai aikin yana cikin WaterSafe, rajistar masu gyaran famfo da aka tantance, ko wani tsarin da kamfanin ya amince da shi, zai ba da takardar shaidar aikinsa da kansa, in ba haka ba sai kamfani ya zo ya duba zurfin bututun kafin a rufe ramin. Wanda ya cire dalmar ɓangarensa yana da damar neman kamfani ya cire ta nasu ɓangaren kyauta, kuma gara a tsara ayyukan biyu kusa da juna, domin rabin sauyi yana barin dalma a hanyar ruwan. Wanda ke kan bututun tarayya yana iya amfani da wannan dama ya ja nasa shi kaɗai, amma sai an yanke tsohon reshensa daga tushe, kada a bar mataccen bututu da ruwa zai kwanta ya ruɓe a ciki.

Abu na ƙarshe da masu gyaran famfo da kansu sukan manta shi ne lantarki. Kafin 1966 an saba amfani da bututun ruwa na ƙarfe a matsayin hanyar da wuta ke bi ta sauka ƙasa idan waya ta samu matsala, kuma har yau akwai tsofaffin gidajen da ke dogaro da shi. Ranar da aka maye gurbinsa da roba, wannan kariyar ta tafi ba tare da wata alama ba. A kira ƙwararren mai lantarki ya auna kafin a yanke tsohon bututun, ya samar wa gidan wata hanyar idan ana buƙata, kuma a sa kuɗinsa cikin lissafin aikin tun farko.